Jar Dara, Adda da Gammo: Sojojin Sa-kai da Suka Je Habasha da Bama

Jawabin wannan makon na tarihi ne, za mu kuma fara shi da wasu sunaye da kunnenku ya riga ya saba da su.

Duk wanda ya taɓa kai shanu ko albasa Ikko ya ji ana cewa barikin Dodan, barikin Arakan, barikin Tamandu. Wanda ya ratsa Kaduna ya san Dalet da Kalapanzin. A Badun akwai Letmauk. A babban birnin Gana kuwa, sansanin sojan da ya fi kowanne girma sunansa ma Bama. Wasu sukan ɗauka Dodan daga dodo aka samo shi. A'a. Duk waɗannan sunayen garuruwa ne da koguna da yankuna na ƙasar Bama, wadda yau ake kira Miyanma, can gabas da Indiya. A nan ne samarin ƙasashenmu suka gwabza da Japanawa a 1944 da 1945, cikin rundunar sojan ƙasa da Turawan Ingila suka sa wa suna Rajimantin Najeriya.

Sunan dai na Najeriya ne, amma mutanen ciki sun fito daga ko'ina: Damagaram, Doso, Garwa, Marwa, bakin tafkin Cadi, har da gaɓar Lagon da Shari. In ana son sanin yadda aka ɗauki mutanen nan, da kuma ainihin aikin da suka yi, to a dubi kayan jikinsu. Akwai kayan da aka ɗinka musu don ido, akwai kuma waɗanda daji ya tilasta aka ba su.

Inda abin ya samo asali

A 1863 wani hafsan jirgin ruwa na Ingila mai suna Glover ya tara wasu Hausawa a Ikko, yawancinsu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu, ya ba su bindiga. Daga nan Bature ya ƙulla a ransa cewa Bahaushe shi ne soja. A 1897 aka ɗora wa Lugga aikin kafa babbar runduna, aka kira ta rundunar tsaron iyaka ta Afirka ta Yamma, Turawa suna taƙaita sunan da Waf. Kowace ƙasa ta renon Ingila tana da nata kason a ciki: Najeriya, Gana da a lokacin ake ce wa Gwalkwas, Saliyo da Gambiya.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Da wannan rundunar aka ci Kano da Sakkwato a 1903, da ita aka yi Burmi, da ita aka rushe Satiru a 1906. Shi ya sa shekaru da yawa talaka ba ya ƙaunar ganin soja, iyaye kuma ba sa son ɗansu ya shiga. A 1914, shekarar da aka haɗe Arewa da Kudu, aka haɗe sojojin ɓangarorin biyu suka zama Rajimantin Najeriya. A 1924 aka buɗe wurin horar da sababbin shiga a Zariya, yana nan har gobe.

Harshen bariki Hausa ne. Da Dakarkari na Zuru, da Tibi, da Bacama, da Angas, da Barebari, da Shuwa, da Zabarmawa, kowa da Hausa ake ba shi umurni, hafsan Bature ma sai ya koye ta. Irin Hausar da aka riƙa yi a can ita ake kira Barikanci. Kalmomin da muke faɗa yau ba tare da tunani ba, irin su samanja, saje, kofur, fareti da bariki, duk ta wannan ƙofar suka shigo.

Sa-kai iri-iri ne

A ƙasar Faransi, wato Nijar da Cadi da sauransu, shiga soja tilas ne. Tun daga 1919 doka ta ce kowace shekara a tara samari a duba lafiyarsu, a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa ya yi shekara uku. Faransawa kuma duk 'yan Sanigal suke kiran sojojin nan, ko da mutumin Tawa ne ko na Maraɗi. A ɓangaren Ingila kuwa, a takarda, mutum shi ke kawo kansa. Wannan bambancin ya sa samari da yawa suka riƙa tsallako iyaka. Wani ya gudo ne daga ƙuri'ar Faransi, wani daga aikin tilas, wani yunwa ce ta koro shi, musamman bayan farar da ta cinye amfanin gona a yammacin Nijar a 1931. In ya iso Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ba shi da gona ba shi da dangi, sai ya tarar bariki na ba da abinci da sutura da sule ɗaya a yini.

Mai rubuta sunaye ba ya tambayar sunan uba. Sunan yanka kawai, sai a liƙa masa sunan garinsu ko na ƙabilarsu: wane Katsina, wane Dikwa, wane Zabarma, wane Banana. A Gwalkwas kuma wane Moshi, wane Gurunshi. Har yau in aka karanta sunayen da ke jikin kaburburan yaƙi, ana iya gane hanyar da mutum ya biyo kafin ya sa kaki.

Amma fa kada a ɗauka kowa da son ransa ya je. Da yaƙi ya yi zafi ana bukatar mutane da yawa, sai Razdan ya gaya wa sarki, sarki ya gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci cewa ana son mutum kaza daga ƙasarsa. Kun san wanda dagaci zai tura: maraya, baƙo, bara, da wanda haraji ya fi ƙarfinsa. Shi ma a littafi ɗan sa-kai aka rubuta shi. Fulanin daji ba su cika shiga ba, don wa zai bar wa garke? Sai dai su ma sun biya nasu kason ta wajen jangali da shanun yanka da fatu. Ko ta wace hanya mutum ya shigo, da zarar ya yi rantsuwa magana ta ƙare. Musulmi da Alƙur'ani yake rantsewa, Kirista da Littafinsa, mai addinin gargajiya kuma da banati. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kayan fareti

To, ga kayan da ke jan hankalin samari. A ka, jar dara mai tuntu, da lambar bishiyar kwakwa ta tagulla a goshinta. A jiki, rigar kaki da gajeren wando na kaki, an sha guga. A kan rigar, jan falmaran da aka bi bakinsa da rawayan zare. A ƙugu, jar ɗamara mai faɗi. A ƙwauri, wani dogon ƙyalle da ake naɗawa daga idon sawu har ƙasan gwiwa. Saje da samanja ana ƙara musu aikin rawayan zare a ƙirjin falmaran, tun daga nesa za ka gane babba. Masu igwa nasu falmaran shuɗi ne. Ranar da Gwamna ya zo gari, ko ranar bikin Sarkin Ingila, in suka jeru ana busa begila ana kaɗa ganga, yara har bin su suke yi zuwa ƙofar bariki.

In za a fita daji sai a ajiye ja. A sa rigar kaki ko suwaita, da ƙaramar hula zagayayya mara baki. Hafsoshin Turawa kuwa hular kwano ta rana suke sawa, daga baya suka koma malafa mai gashin tsuntsu kore da baƙi.

Yanzu ku sauke ido ƙasa. Mutumin nan mai jar dara da jan falmaran, ƙafarsa ba takalmi. Shekaru arba'in da kafa rundunar, sojan Afirka da ƙafa tsirara yake fareti, in tafiya ta yi tsanani a ba shi fade. Turawa suna cewa wai ƙafarsa ta saba, takalmi zai rage masa sauri. Akwai kuma batun kuɗi, don takalmin mutum dubu ba arha ba ne. Sai kuma abin da ba a rubutawa: takalmi alamar girma ce, ba a so baƙar fata ya yi kama da Bature. Mu da muka san ƙayar aduwa da ƙarangiya da zafin rairayi a watan bazara, mun san ma'anar wannan.

Muƙami ma haka yake. Komai jaruntakar mutum, iyakarsa samanja. Laifi kaɗan kuma sai bulala, ba a daina dukan sojan Afirka a hukumance ba sai 1946.

Garwa da Mora

Gwajin farko na babban yaƙi a ƙofar gida aka yi shi. A 1914 Kamaru tana hannun Jamus. A watan Agusta sojojin Najeriya suka taso daga Yola suka auka wa Garwa, aka kore su da mummunar asara, har kwamandansu ya mutu. Garwa ba ta faɗi ba sai watan Yuni na 1915, bayan sojojin Faransa sun zo daga Cadi an haɗa ƙarfi. A kan dutsen Mora kuwa, wani hafsan Jamus da sojojinsa baƙaƙe suka yi tsayin daka har watan Fabrairu na 1916, su ne na ƙarshe da suka ajiye makami a Kamaru. Ku lura, masu harbi daga sama da masu harbi daga ƙasa yawanci 'yan ƙasa ɗaya ne, harshe ɗaya suke ji, launin kaki ne kawai ya raba su.

Labarin Chari Maigumeri ya isa misali. Yana yaro ya shiga sojan Jamus a Kamaru, har suka ba shi lambarsu ta jaruntaka. Aka kama shi a Garwa a 1915. A 1917 ya shiga sojan Ingila, ya yi yaƙin Afirka ta Gabas, ya zama babban samanjan bataliya ta 3, ya je Habasha, ya je Bama. Bai ajiye kaki ba sai 1953, aka sallame shi da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi.

Wani abu da yaƙin Kamaru ya tabbatar shi ne rundunar nan a kan ɗan Adam take tafiya. A kurmi ƙudan tsando na kashe doki da jaki da sa, makiyaya sun san sammore ba sai an gaya musu ba. Mota kuma ba hanya. Saboda haka harsashi da abinci da magani duk a ka ake ɗauka, igwa ma sai a kwance ta gunduwa-gunduwa a raba wa 'yan dako. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yaƙin Hitila ya iso iyaka

A watan Yuni na 1940 Jamus ta ci Faransa. Nan take iyakokinmu suka rikice. Cadi, ƙarƙashin gwamna Felis Ebuwe wanda baƙar fata ne, ta bi Janar De Gol a watan Agusta, Kamaru ma ta bi. Nijar kuwa ta zauna tare da gwamnatin Bishi mai ɗasawa da Jamus har watan Nuwamba na 1942. Shekara biyu ke nan Kano da Damagaram suna kallon juna a matsayin abokan gaba, an tsananta tsaro, fatauci ya tsaya a hukumance, sai ta ɓarauniyar hanya. A wannan lokacin ne jiragen saman yaƙi da ake haɗawa a Takoradi suka riƙa bi ta Ikko, Kano, Maiduguri, Far Lami, Alfashir da Hartum zuwa Masar.

Tun kafin ƙarshen 1940 an riga an kwashi bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 ta Najeriya a jirgin ruwa zuwa Kenya, don a yaƙi Italiya wadda ta mamaye Habasha. Wannan karon an ba su takalmi mai ƙusa, an kuma sa su a mota. Ranar 25 ga Fabrairu 1941 suka shiga Mogadishu. Daga nan suka miƙe arewa ta hamadar Ogaden, suka ci Jijiga, suka fasa mashigin dutsen Marda, suka shiga Harar kafin ƙarshen Maris. Tafiyar ta fi kilomita 1,600 cikin kimanin wata guda, wato ta ɗara nisan Damagaram zuwa Ikko, ana yi ana faɗa. A watan Afrilu Adis Ababa ta faɗi, ranar 5 ga Mayu Sarki Haile Selasi ya koma gadonsa. Sunayen Mogadishu da Marda da kuke ji a barikoki daga nan suka fito.

Bama: inda ja ba shi da amfani

Da aka gama da Italiya sai Japan ta ci Bama a 1942, ta tsaya a ƙofar Indiya. Ƙasa ce ta tsaunuka da kurmin gora da koguna, ruwan damina kamar da bakin ƙwarya, ga sauro, ga matsattsaku, ga atini. Janar Gifad, wanda ya daɗe yana shugabancin sojojin Afirka ta Yamma, ya ce yana da mutanen da ba sa bukatar hanyar mota. A 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu, ta 81 da ta 82. Bataliya goma na Rajimantin Najeriya suka shiga cikinsu, tare da na Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Runduna ta 81 ta zagaya ta ƙasan Afirka ta Kudu a jirgin ruwa, makonni ana tafiya ba a ganin ƙasa, har Bambai.

A nan kaya suka sake gaba ɗaya. Jar dara da falmaran an bar su a gida. Kaki mai ruwan ƙasa ma yana nuna mutum a cikin ganye, sai aka koma kore irin na kurmi. Gajeren wando ya ba da wuri ga dogo, saboda sauro da matsattsaku. A ka, malafa mai faɗin baki. A ƙafa, takalmi. A kafaɗa, bindiga mai cin harsashi goma. A ƙugu kuma adda. Wannan addar da kowane yaro a ƙauye ya iya riƙewa tun kafin ya yi kaciya, ita ta zama rabin yaƙin. Da ita ake sare hanya, da ita ake gina bukka da gadon ɗaukar majiyyaci, da ita ake fere gora a kafa tarko kewaye da sansani, in faɗa ya zo gaba da gaba kuma ita ake zarewa. Kowace safiya saje na tsaye sai kowa ya haɗiye ƙwayar maganin zazzaɓi mai ruwan ɗorawa, don a farkon yaƙin Bama cuta ta fi harsashi kwantar da soja.

Sai lambar da aka ɗinka a hannun riga. Runduna ta 81 ta zaɓi baƙin gizo-gizo a kan rawayan ƙyalle. Mutanen Gana suna kiransa Anansi, mu kuwa mun san shi, Gizo ne na tatsuniya, mijin Ƙoƙi, ƙaramin da ke kayar da manya da dabara. Runduna ta 82 ta zaɓi masu biyu a gicciye a kan gammo. I, gammo, wannan da mai tallan nono da ɗan dako ke naɗawa su ɗora a ka. A duk rundunonin da suka yi yaƙin duniya, wannan ce ta ɗauki kayan aikin ɗan dako ta mai da shi tutarta, kuma ba a banza ba.

Kowace birged tana da ƙungiyar masu ɗaukar kaya, mutum dubbai in an haɗa. Su ma sojoji ne, an rantsar da su, suna da lamba da kaki, sai dai yawancinsu ba bindiga, adda kawai. Mutum zai ɗauki kusan rabin buhun siminti a ka, ban da nasa kayan, ya hau dutsen da alfadari ke turjewa, ya ratsa kogi ruwa iya wuya. Su ke ɗaukar harsashi da rediyo da turmin harba bam. Su ke sauko da wanda aka harba. Su ke share fili a tsakiyar kurmi don ƙaramin jirgi ya sauka ya kwashi majiyyata. In Japanawa suka yi kwanton ɓauna, harsashi bai san mai bindiga da mai gammo ba.

A ƙarshen 1943 runduna ta 81 ta sare hanyar ƙaramar mota mai tsawon kimanin kilomita 120 ta cikin tsaunuka zuwa kwarin kogin Kaladan, aka sa wa hanyar sunan Afirka ta Yamma. Da suka wuce inda hanya ta ƙare, sai abincinsu ya koma zuwa daga sama. Jirgi ya zo ya sako buhunan shinkafa da akwatunan harsashi da laima, masu gammo su tsince su rarraba. Babbar runduna ɗungum ta yi watanni tana rayuwa a haka, abin da kafin su ba a saba gani ba. Zuwan farko bai yi daɗi ba. Sun kai har Kyauktaw, amma a watan Maris na 1944 Japanawa suka zagayo ta baya, dole aka ja da baya. Bayan damina suka sake komawa.

An kuma ware bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta Najeriya aka ba Janar Winget, mai rundunar da ake kira Chindit, wadda barikin Zariya ya ci sunanta. Aikinsu shi ne a sauke su da jirgin sama can bayan abokan gaba, su datse hanyar jirgin ƙasa, su kafa sansani su riƙe. Samarin da yawancinsu ba su taɓa shiga jirgin sama ba aka sauke su a tsakiyar daji, suka yi makonni suna tare hare-haren Japanawa dare da rana. Winget kansa ya mutu a haɗarin jirgi a watan Maris na 1944, amma aikin bai tsaya ba sai cikin damina, mutane suka fito a rame, kaki ya ruɓe a jikinsu.

Runduna ta 82 ta shigo fagen a ƙarshen 1944. Ta bi kwarin Kalapanzin, ta haura tsaunuka, ta haɗu da ta 81, a watan Janairu na 1945 suka ci Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan. Daga nan ta 82 ta ci gaba kudu, ta Dalet da Tamandu da Letmauk da hanyar An, har damina ta sake sauka. Waɗanda aka kashe da waɗanda aka raunana a cikinta sun haura 2,000.

Ba su yanke da gida ɗungum ba. Kowace bataliya tana da limaminta. A arewacin Arakan sun tarar da Musulmi da masallatai, abin ya ba su mamaki ya kuma kwantar musu da hankali. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 Malam Abubakar Imam yana editanta, tana isa gare su, wanda ya iya boko ya karanta wa saura. Sarkin Katsina Usman Nagogo ma ya yi tattaki har can ya gaishe su.

Dawowa gida

Japan ta sallama a watan Agusta na 1945, amma da yawa ba su ga gida ba sai 1946, saboda an fara ba sojojin Turawa jiragen ruwa. Aka ba kowa ɗan kuɗin sallama, wanda bai kai na farabitin Bature ba ko kusa, da takardar sallama, da lambobi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk tsawon yaƙin ba a ba ɗan Najeriya ko ɗaya muƙamin hafsan sojan ƙasa ba. A Gwalkwas ne aka samu Seth Anthony a 1942. A Najeriya sai bayan yaƙi, irin su Zakariya Maimalari na ƙasar Borno suka biyo baya.

Wasu sun samu aikin ɗan doka, ko masinja, ko gadi. Waɗanda suka koyi tuƙi da kanikanci a soja su ne suka zama direbobin manyan motocin da suka fara jigilar gyaɗa da goro tsakanin kasuwanninmu. Mafi yawa kuwa gona suka koma. Wanda ya tsallako daga ƙasar Faransi ya fi kowa shiga tsaka mai wuya, don in ya koma garinsu ba ofishin da ya san da zamansa, Ingila ya yi wa aiki, Faransa ke mulkinsa. 'Yan'uwansu da suka sa jar hular Faransa su ma ba su tsira ba. A Caroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, an buɗe wa waɗanda suka nemi haƙƙinsu wuta. A Gwalkwas ma, ranar 28 ga Fabrairu 1948, 'yan sanda sun harbe tsofaffin sojoji uku da suka fito jerin gwanon neman haƙƙi, abin da ya hanzarta samun 'yancin Gana.

Jar dara ta ɗan ƙara kwana. Da ita aka yi wa Sarauniyar Ingila fareti a 1956. Da mulkin kai ya ƙarato aka ajiye ta, aka koma koren kaya da hula mai baki, a 1960 kuma aka rufe littafin Waf.

Yanzu mazan jiya sun kusa ƙarewa, saura abin da suka bari a cikin adaka. In kun ga lamba mai siffar tauraro mai tsini shida, ku dubi ƙyallen da ke riƙe da ita. Ja a tsakiya, da shuɗi mai duhu da ruwan lemo a gefe, wannan ta Bama ce. Mai launin rairayi da jan layi a tsakiya da siraran shuɗaye biyu, ta Afirka ce, mai ita wataƙila ya je Habasha. Kada a sayar wa 'yan gwangwan, kada a ba yara su yi wasa da ita. Takardar sallama ta fi lambar ma daraja, don a jikinta akwai lambar mutum ta soja, ta Najeriya tana farawa da NA, ta Gwalkwas da GC. Wanda kakansa ya tafi bai dawo ba, da sunansa da wannan lambar ana iya neman sa a intanet, a rajistar hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, namu suna ciki.

A Najeriya ranar 15 ga Janairu ake tuna mazan jiya. A ranar, in ana jera furanni ana busa begila, a tuna har da wanda bai riƙe bindiga ba, wanda ya baro Tasawa ko Mora ko Bongor da ƙafa, aka rubuta shi da sunan garinsu, ya ɗauki yaƙin duniya a kan gammo. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, ya kiyaye dukiya da hanya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.